Kati mai ƙarfi ma ana ajiye shi: darasin poker ga masu mainin a Bugaje

Ranar 20 ga Fabrairun 2025 aka buɗe cinikin kuɗin Pi a manyan kasuwannin kirifto, bayan kusan shekara shida mutane suna danna maɓalli kowace rana. Cikin kwana shida farashinsa ya kai kusa da dala 3. A majalisun matasa na Bugaje da Jibiya, kamar yadda aka yi a Katsina da Kano, muhawarar guda ɗaya ce: a sayar ko a riƙe? Waɗanda suka ce a riƙe sun fi ɗaga murya, saboda an daɗe ana yaɗa cewa ƙwayar Pi ɗaya za ta kai dala 314,159. Kafin shekarar ta ƙare farashin ya sauko ƙasa da santi 30. Wanda yake da Pi 1,000 a lalitarsa ya ga abin da ya kusa dala 3,000 ya koma ƙasa da dala 300, yana kallo.

Abin da ya faru da waɗannan matasa yana da kamanni sosai da wata matsala da masu wasan kartar poker ta intanet suka daɗe suna nazari a kanta: yaushe ne ya kamata mutum ya ajiye kati mai ƙarfi ya janye daga zagaye? Poker na kuɗi caca ce, kuma hukuncin caca a Musulunci sananne ne, yana nan a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida. Babu wanda ake gayyata zuwa teburinta. Amma masana lissafi da na kwamfuta sun tsefe wannan wasa fiye da yawancin wasanni, kuma abin da suka gano game da janyewa ya shafi duk mai riƙe da wayar da ke ɗauke da manhajar mainin, ta tiredin ko ta zuba jari.

Yadda katin da ya fi kowanne yake faɗuwa

A nau'in poker da aka fi bugawa a intanet, wato Texas Hold'em, ana amfani da kati 52. Kowane ɗan wasa yana samun kati biyu a ɓoye. Daga nan a buɗe biyar a tsakiya a hankali: uku a karon farko, sai ɗaya, sai ɗaya na ƙarshe. A kowane mataki mutum yana da zaɓi: ya ƙara kuɗi, ya biya abin da wani ya ƙara don ya ci gaba, ko ya ajiye katinsa ya haƙura da abin da ya riga ya zuba.

Mafi ƙarfin abin da za a iya raba wa mutum shi ne katin A guda biyu. Sau ɗaya cikin 221 yake zuwa. Idan abokin karawa ɗaya ne, kuma ba a san abin da ke hannunsa ba, A biyu suna cin wasa kusan sau 85 cikin 100. Idan abokan karawa biyar suka tsaya har ƙarshe, damar takan sauko ƙasa da rabi kaɗan. Idan tara ne, ba ta kai ɗaya cikin uku ba.

Sannan katunan tsakiya suna sauya komai. A ce an buɗe 7, 8, 9 masu alama iri ɗaya, aka ƙara buɗe 10 mai wannan alamar, mai A biyu kuma ba shi da ita. Wani ɗan wasa da tun ɗazu bai yi motsi ba ya tura duk kuɗinsa tsakiya. Katin da ya kasance sarki minti biyu da suka wuce yanzu yana ƙasa da hannaye masu yawa. Sabon ɗan wasa zai biya, domin har yanzu yana ganin A biyun da ya yi murna da su. Gogagge zai dubi tebur ya ajiye. Katin hannunsa bai canza ba ko kaɗan, abin da ke kewaye da shi ne ya canza, kuma Bahaushe ya ce in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza.

Pi a makon farko kati ne mai ƙarfi na gaske. Mutane da yawa ba su zuba ko naira ɗaya ba, sai lokaci da data, ga shi kuma ya zama kuɗin da za a iya cirewa. Amma katunan tsakiya suna ta buɗewa a gaban kowa: miliyoyin mutane suna riƙe da shi, kowane wata ana sakin sabbin ƙwayoyin da aka kulle, masu son sayarwa suna ƙaruwa, manyan kasuwanni irin su Binance ba su sanya shi ba. Duk wannan bayani ne da kowa zai iya gani a wayarsa. Wanda bai duba ba, adadin da ke allon manhajarsa kawai yake kallo, kamar mai kallon A biyunsa.

Kuɗin da ya shiga tsakiya ya bar hannun mai shi

Ƙa'idar da ta fi wuya ga sabon ɗan poker ita ce cewa abin da ya riga ya zuba ba ya cikin lissafi. Lissafin yana duban gaba ne kawai. A ce akwai naira 6,000 a tsakiya, abokin karawa ya ƙara 3,000. Mutum zai biya 3,000 don ya nemi jimillar 12,000. Wato sai in yana da damar ci sau ɗaya cikin huɗu, ko fiye, biyan yake da ma'ana. Ko shi ne ya zuba rabin 6,000 ɗin farko, ko ba shi ba ne, amsar ba ta canzawa.

Zuciyar ɗan Adam ba ta son wannan lissafi. A 1985 masu bincike biyu, Hal Arkes da Catherine Blumer, suka wallafa wani gwaji da aka yi a Jami'ar Ohio ta Amurka. An sayar wa mutane tikitin kallon wasan kwaikwayo na zango guda, wasu a cikakken farashi, wasu da ragi, ba tare da sun zaɓa ba. Waɗanda suka biya cikakken kuɗi sun fi zuwa kallo a rabin farko na zangon, duk da cewa tikiti iri ɗaya ne a hannun kowa. Kuɗin da ya riga ya tafi ne yake jan su. Tun kafin nan, a 1979, Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna cewa zafin asara ya fi daɗin riba mai girma ɗaya nauyi a zuciya, shi ya sa mutum yakan yarda ya ƙara kasada don kawai kada ya amsa cewa ya yi asara.

Masu Hamster Kombat sun ɗanɗana wannan. Bayan Notcoin ya biya mutane kuɗi mai kauri a Mayun 2024, sai aka ruɗe da danne-danne a Telegram. Masu Hamster suka ce 'yan wasansu sun kai miliyan 300. Duk wanda ya san rabon gado ya san abin da ke faruwa idan magada suka yi yawa. Amma wanda ya yi wata huɗu yana danna allo, yana neman katunan rana, yana kallon bidiyo don samun lamba, yana biyan kuɗin caji a shago, ba zai iya tsayawa a wata na biyar ba. Da aka raba ranar 26 ga Satumban 2024, mutane da yawa sun tashi da 'yan daloli da ba su kai kuɗin datar da suka ƙona ba.

Mafi muni shi ne na CBEX, manhajar da ta yi alƙawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ta rufe a Afrilun 2025 da kuɗin jama'a. Bayan an hana cire kuɗi, sai aka ce wa mutane su biya dala 100 ko 200 na tantancewa kafin a saki nasu. Wannan shi ne ƙarin kuɗi na ƙarshe a teburin da aka riga aka sha kaye. Hukumar SEC ta bayyana cewa manhajar ba ta da rajista da ita. Duk da haka an samu masu biya, saboda abin da ke ciki ya fi abin da ake nema yawa. Irin wannan ya faru da MMM, wadda ta daskarar da asusun mutane a Disambar 2016. Shekara takwas da 'yan watanni ne tsakanin biyun, kuma dabarar ba ta canza ba.

Ɗan kasuwar boda ya riga ya san wannan karatu

Matashin Bugaje ba ya buƙatar zuwa Las Vegas don ya koyi janyewa, domin iyayensa da yayyensa da ke harkar kan iyaka sun daɗe suna yi. An rufe iyakokin Najeriya na tudu a Agustan 2019, kuma ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin da aka yi wa Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, har zuwa Maris na 2024 da Shugaba Tinubu ya ba da umarnin buɗewa. Sama da wata bakwai ke nan hanyar Magama zuwa Ɗan Isa da Maraɗi tana toshe.

A yi tunanin wanda ya loda kayan da ke lalacewa zai kai Maraɗi, ya iso ya tarar an rufe. Jiya kayansa riba ne tabbatacciya. Yau kowace rana da ta wuce tana cin wani abu daga ciki, ga kuɗin mota yana hawa. Ɗan kasuwar da ya san sana'arsa ba ya tambayar nawa ya saya. Yana tambayar nawa za a saya yau a Jibiya ko Katsina, da kuma nawa zai rage in ya jira mako biyu. Ya karyar da farashi, ya tsira da uwar kuɗi ko mafi yawanta, ya koma kasuwa. Wanda ya dage sai ya mayar da abin da ya kashe yakan ƙare da zubar da kayan.

Haka 'yan canjin sefa. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a Yunin 2023, darajarta ta yi ta tangal-tangal, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a hukumance zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, daga baya ta ɗan sauko, ta sake hawa. Ɗan canji ba ya soyayya da sefa ko naira, kuma ba ya shiga rukunin WhatsApp don a ƙarfafa masa gwiwa ya riƙe. Yana da farashin saye da na sayarwa, in kasuwa ta juya ya juya da ita. Abin mamaki shi ne ɗan wannan mutum, mai wayar zamani da ke nuna farashi kowace daƙiƙa, shi ne zai riƙe kwabo yana faɗuwa wata da watanni saboda wani mai bidiyo a TikTok ya ce masu sayarwa za su yi kuka.

An gina manhajojin ne don kada a janye

Ba duka laifin na matasa ba ne. Masu ƙera waɗannan manhajoji sun san raunin zuciya, kuma a kansa suke gini. Pi yana buƙatar a danna kowace awa 24, yana kuma ƙara wa mutum saurin mainin idan ya yarda ya kulle ƙwayoyinsa, daga mako biyu har zuwa shekara uku. Da yawa daga cikin waɗanda suka so sayarwa a Fabrairun 2025 sun tarar ba za su iya ba, ko don sun kulle da hannunsu, ko don ba a kammala tantance su ba. Wasannin Telegram suna ba da ladan shiga kullum, wanda ke komawa farko idan aka tsallake rana ɗaya. Manhajojin zuba jari na bogi suna biyan lada ga wanda ya kawo wani, ta yadda fita za ta zama abin kunya a gaban abokai da 'yan uwan da mutum ya shigar.

Teburin poker na intanet ma haka yake. Akwai agogo da ke ƙirga daƙiƙoƙi, akwai maɓallin ƙara kuɗi a asusu da ke kusa da yatsa, kuma da zarar an gama zagaye wani ya fara. A karta ta ido da ido mutum yana da lokacin da zai huce yayin da ake shafa kati. A waya babu wannan hutu.

Ga mazaunin kan iyaka akwai ƙarin haɗari, wato sabis. A yawancin dandalin poker, idan intanet ta yanke agogo ya ƙare, manhaja ce take ajiye wa mutum katinsa komai ƙarfinsa. Mutanen Jibiya sun san abin da ya fi wannan: a Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Jibiya, aka yi watanni babu sabis. Duk dukiyar da ke cikin manhaja, wadda sai da intanet ake taɓa ta, tana iya kuɓucewa daga hannun mai ita a daidai ranar da ya fi buƙatar ya motsa ta. Wannan kaɗai ya isa ya sa matashin Bugaje ya riƙa cire ribarsa da wuri fiye da takwaransa na Abuja.

To, ina aka bar haƙuri?

Masu riƙewa suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Bitcoin ya faɗi da sama da kashi 70 cikin 100 fiye da sau ɗaya, a 2018 da kuma 2022, kuma waɗanda suka daure sun ga ya haura dala 100,000 a Disambar 2024. A poker ma wanda yake ajiye kati da zarar an tsorata shi ba ya cin komai, domin abokan karawa za su gane shi su riƙa yi masa barazanar ƙarya. Mai haƙuri yakan dafa dutse, in ji masu iya magana.

Amma ana ba da labarin Bitcoin ne saboda ya tsira. Dubban kwabban da suka faɗi ba su tashi ba, babu mai tuna sunansu. Luna, wanda yake cikin manyan kwabbai goma na duniya, ya zama kusan sifili cikin 'yan kwanaki a Mayun 2022, kuma masu riƙe da shi ma haƙuri suke yi. Bambancin haƙuri da taurin kai yana cikin tambaya ɗaya: dalilin da ya sa aka shiga yana nan, ko ya tafi? Idan mutum zai iya faɗin dalilinsa a jimla biyu, kuma sabbin bayanai ba su rushe shi ba, riƙewa tana da ma'ana. Idan amsarsa ita ce ya riga ya daɗe a ciki, ko yana jiran farashi ya dawo inda ya saya, to kuɗin tsakiya ne yake magana da bakinsa.

Akwai wata hanya mai sauƙi ta gwada kai. Mutum ya ɗauka an sayar masa da duk abin da yake riƙe da shi, an damƙa masa kuɗin a hannu yau. Zai koma ya sayi abin nan da su a farashin yau? In ba zai saya ba, ba shi da hujjar ci gaba da riƙewa.

Dole kuma a yarda cewa wani lokaci mutum zai janye sannan farashi ya tashi. Gogaggun 'yan poker suna ajiye katin da daga baya ya bayyana shi ne zai ci, kuma ba sa ɗaukar hakan kuskure, domin ana auna shawara ne da abin da aka sani a lokacin yanke ta. Tsohuwar 'yar wasan poker Annie Duke ta rubuta littafi guda a kan haka, mai suna Quit, a 2022, inda ta ba da shawarar a tsara sharuɗɗan fita tun kafin a shiga.

Teburin da ya kamata a ƙi zama a kansa

Game da poker na kuɗi kansa, lissafin janyewa yana kai mutum ga amsa tun kafin a raba kati. Dandalin yana yankar kasonsa daga kusan kowane zagaye, saboda haka jimillar 'yan wasa kullum asara suke yi, ƙalilan ne suke cin na sauran. Labarin Chris Moneymaker, akawun da ya samu gurbi ta intanet ya ci dala miliyan 2.5 a babbar gasar duniya ta 2003, shi ya jawo miliyoyin mutane. Duniyar ta canza tun daga lokacin. A Janairun 2017 wata manhajar ƙirƙirarriyar basira mai suna Libratus, ta Jami'ar Carnegie Mellon, ta doke ƙwararru huɗu a zagaye 120,000. A 2019 Pluribus ta yi nasara a tebur mai mutum shida. Matashin da ke zaune a Bugaje da wayarsa ba shi da hanyar tabbatar da cewa wanda yake karawa da shi mutum ne, ko kuma ba ya samun taimakon kwamfuta. A 2007 da 2008 an bankaɗo yadda wasu na ciki a dandalin Absolute Poker da UltimateBet suke ganin katunan abokan karawarsu.

Ta fuskar doka ma babu mafaka. A Nuwambar 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa jihohi ne suke da ikon tsara harkar caca, kuma Katsina tana cikin jihohin da ke aiki da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000. Wanda wani dandali na ƙetare ya riƙe wa kuɗi ba shi da ofishin da zai kai kuka. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin da za a rubuta kafin a danna

Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin da farashi yake faɗuwa, rukuni yana ta ihun a riƙe, ba lokacin tunani ba ne, shi ya sa ake yanke shawarar fita tun hankali yana kwance. Kafin matashi ya shiga kowace sabuwar manhaja ta samun kuɗi, ya buɗe wurin rubutu a wayarsa ya ajiye abu huɗu. Na farko, dalilin shigarsa. Na biyu, iyakar abin da zai kashe na kuɗi, data da lokaci, tare da ranar da zai zauna ya sake dubawa. Na uku, farashin da zai sayar da wani kaso idan abu ya tashi, misali rabi, ta yadda ko sauran ya mutu ya tsira da wani abu. Na huɗu, alamomin da ganin ɗaya daga ciki zai sa ya fita ba tare da shawara da kowa ba: jinkirin cire kuɗi, sauya ƙa'ida bayan an shiga, neman ƙarin kuɗi kafin a saki nasa, ko rashin sunan kamfanin a jerin masu rajista a shafin SEC.

Sannan ya gwada cire kuɗi tun da wuri, ko kaɗan ne, har su shiga asusunsa na banki, domin adadin da ke allo bai zama nasa ba sai ya iya sayen buhun gero da shi. Kada ya kulle abin da zai iya buƙata kafin wa'adi ya cika. Kada kuma ya shigar da mahaifiyarsa ko ƙannensa cikin abin da shi kansa bai taɓa cire ko sisi daga ciki ba.

Wata sabuwar manhaja tana nan tafe, da sabon suna da sabon maɓalli, kuma mai yiwuwa ta raba wa wasu kati mai kyau na gaske. Waɗanda za su amfana da ita su ne waɗanda suka rubuta ranar fitarsu tun ranar da suka sauke ta, suka kuma bi abin da suka rubuta lokacin da majalisa take cewa a ƙara jira.